Kafin A Sayi Mota Ta Hannu, A Duba Fentinta

 

Yau zancen mota za mu yi. Na san wata za ta ce, “Af, ina ruwan mace da cinikin mota? Ai wannan sha'anin maza ne.” To, dakata tukuna, in tambaye ki. Kuɗin da za a sayi motar, daga ina za su fito? A gidaje da yawa, in an bi sawu, sai a tarar da adashin uwargida a ciki, ko sarƙarta ta zinariya da ta sayar, ko tumakin da ta shekara biyu tana kiwo, ko rabonta na gado. Wata kuma malama ce ko ma'aikaciyar asibiti, da albashinta za ta saya. In kuwa motar ta zo gida, wa za a zuba a kujerar baya? Ke ce da 'ya'yanki. Abin da kuɗinki ya shiga, ranki kuma zai shiga, ba dama a ce babu ruwanki da shi.

Ban ce ki zama makanike ba. Inji da giya da birki, a bar wa mai sana'ar. Amma akwai wani fanni guda wanda mu mata muka fi maza da yawa ido a kansa, watau launi da ƙyalli. Ke ce ki ke ɗaga atamfa a rana, ki san ta gaske ce ko kwaikwayo. Ke ce ki ke juya kwano a kasuwa, ki gano inda ya ɓantare aka shafe. Ke ce ki ke duban shadda ki ce wannan rini na biyu ne. To, wannan idon shi a ke bukata wajen duban jikin mota, gama fenti shi ne shaidar da ke faɗin abin da ya taɓa samun mota, ko da mai sayarwa ya yi shiru.

Abin Da Ya Sami Maƙwabciyata

Ina da wata maƙwabciya, malamar makarantar firamare. Ta shekara huɗu tana tari, don ta huta da hawan babur da goyo. Ran da kuɗi suka cika, ƙanenta ya kai ta wurin dillalai da la'asar sakaliya. Aka nuna musu wata mota ruwan toka, an wanke ta ke nan, ruwan ko bushewa bai yi ba, sai walƙiya ta ke yi. Aka ta da inji, ya tashi lafiya lau. Dillali ya ce ko kaza motar nan ba ta taɓa bugewa ba. Kafin a kira magariba an biya.

Da bazara ta yi zafi, sai ga tsaga a ƙofar baya, kamar tsagar ƙasar fadama da rani. Da damina ta faɗi, ruwa ya riƙa shiga ta wannan ƙofar. Wata rana wani ɓawo kamar tafin hannu ya ɓalle ya faɗi, aka ga ƙarfen da ke ƙarƙashinsa a lanƙwashe, ya yi tsatsa. Tayoyin wannan gefen kuma sai cinyewa su ke yi. Da aka kai wa makanike, ya ce motar ta taɓa yin mummunan karo ta gefe, aka ja ƙarfen, aka cike, aka fesa fenti a kai. Da suka koma wurin dillalin, ya ce shi ma haka ya saye ta. Ƙarshe da hasara mai yawa ta rabu da ita.

Da a ce da hantsi suka je, motar a bushe, ta kuma san inda za ta duba, rabin sa'a ya isa ta gane. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Daga Ina Motocin Su Ke Fitowa?

Iyayenmu sun ga zamanin da ma'aikaci kan sayi mota sabuwa ful. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, 504 kuwa ta cika hanyoyinmu. Amma daga 1986 darajar Naira ta yi ta faɗuwa, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, aka koma ga ta hannu. Daga nan ne muka sami sunayen nan da ki ke ji, 'yar Baljiyam, da 'yar Kwatano, da tokumbo. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da labari a 2020, cewa daga 2015 zuwa 2018, ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su.

A cikinsu akwai na ƙwarai, waɗanda masu su suka gaji da su kawai. Akwai kuma waɗanda suka yi haɗari. A Amurka, in mota ta yi karo har kuɗin gyaranta ya yi kusa da darajarta, kamfanin inshora kan biya mai ita, ya ɗauki motar ya yi gwanjonta. 'Yan kasuwa su saya da araha, a ɗoro ta a jirgin ruwa, a gyara ta a nan, a fesa mata fenti, ta fito kamar amarya. Ga kuma waɗanda aka hau a nan gida, suka sha karo a kan hanyoyinmu. Saboda haka ba kowane ƙyalli ne alamar lafiya ba.

Yadda A Ke Fenti A Masana'anta

In kin fahimci wannan, sauran duka mai sauƙi ne. A masana'anta, gangar jikin mota tsirara a ke yi wa fenti, tun ba a sa gilashi ba, ba a sa roba ba, ba kujera, ba fitila. Da fari a tsoma ta ɗungum cikin wani babban kwami na maganin tsatsa, a sa wutar lantarki ta manna maganin a kowane lungu. Sa'an nan a fesa fentin shimfiɗa, sa'an nan launi, daga bisani a bi da wani fenti garai-garai kamar ruwa, wanda shi ne ke ba da ƙyalli, ya kuma kare launin daga rana. Injuna ne ke feshin, a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Kuma a kan gasa jikin a tanderu mai zafin digiri 140 ko fiye. Ki tuna ruwa a digiri 100 ya ke tafasa.

Duk waɗannan hawa-hawa, in aka haɗa su, kaurinsu bai fi na takardar littafin rubutu ɗaya ko biyu ba.

Mai fenti na gari ba shi da wannan hali. Motar a haɗe ta ke zo masa, ba zai iya tsoma ta ba, ba zai iya gasa ta haka ba, don roba da waya za su narke. Sai ya rufe gilashi da jarida da salatif, ya haɗa launi da ido ko da ma'auni, ya fesa da hannu. Inda ƙarfe ya loɓa kuwa, sai ya buga ya fito da shi gwargwadon iko, ya cike sauran da wani kwaɓi da su ke kira fila, ya goge da samfefa. Akwai gwanaye ƙwarai a cikinsu, sana'a ce ta halal, ba kuwa laifinsu ba ne in wani ya ɓoye wa mai saye. Amma ko gwanin gwanaye ya kan bar sawu. Sawun nan za mu nema.

Shiri Kafin A Tafi

Ki riƙe abu huɗu a jaka: tsumma mai taushi, da tocila, da takarda da biro, da ɗan ƙaramin mayen ƙarfe mara ƙarfi, irin wanda a ke mannawa a ƙofar firji.

Lokaci kuwa, da hantsi. Kada ki yarda a nuna miki mota da almuru, ko cikin rumfa ƙarƙashin ƙwan lantarki, ko ana ruwa. Kada ta kasance a jiƙe, don ruwa ya kan cike ƙarce, ya sa fentin da ya mutu ya yi ƙyalli. Kada kuma ta kasance cikin ƙura. A wanke, a bari ta bushe sarai, a fito da ita fili inda za ki iya kewaya ta. In mai ita ya ƙi, ya riga ya ba ki amsa.

Abubuwan Da Za Ki Duba

Na farko, launi. Ja da baya kamar taki goma, ki dubi gefen motar gaba ɗaya. Ƙofar gaba da ta baya launinsu ɗaya ne? Ƙarfen kan taya, wanda makanikai ke kira fenda, ya yi daidai da murfin inji? Ki duba a rana, ki sa a matsa da ita inuwa ki sake dubawa, don wani fentin ya kan dace a inuwa, ya bambanta a rana. Ruwan azurfa da ruwan zinariya da fari mai sheƙi su ne mafi wuyar haɗawa, su suka fi tona asiri. Amma ki sani, bamba ta gaba da ta baya roba ce, ko daga masana'anta launinta kan ɗan saɓa kaɗan, wannan ba kome ba ne.

Na biyu, inuwa. Tsuguna a kusurwar motar, ki miƙa idonki tare da gefenta, kamar mai duban ko tabarya ta miƙe. Jikin mota madubi ne. Nemi wani abu miƙaƙƙe da ke fitowa a ciki, kamar turken lantarki ko bakin katanga. In layin ya tafi sambal, ƙarfen lafiya ya ke. In ya zo wani wuri ya karkace, ko ya yi rawa kamar inuwa a cikin ruwa, an taɓa wurin.

Na uku, fatar fentin. Matso kusa. Fentin masana'anta yana da 'yan ƙananan gargada kamar ɓawon lemo, amma iri ɗaya ne ko'ina. In wata ƙofa ta fi sauran gargada, ko ta fi su santsi, daban aka fesa ta. Nemi inda fenti ya zubo ya daskare kamar hawaye, musamman a gindin ƙofa. Nemi 'yan ƙwayoyin ƙura ko gashi da fenti ya binne. Nemi kuma siraran layuka a ƙarƙashin ƙyallin, waɗanda in kin shafa ba ki jin su, wannan sawun samfefa ne.

Na huɗu, hannu. Buɗe kowace ƙofa, ki bi bakinta da yatsa, har ta ciki. Bakin masana'anta santsi gare shi. In kin ji kaushi kamar an watsa rairayi, ƙurar feshi ce. In kin ji wani ɗan tudu a miƙe kamar bakin kalmasa, nan ne salatif ya tsaya.

Na biyar, fentin da ya ɓata hanya. Kin tuna mun ce a masana'anta ba a sa roba sai bayan fenti? To, duk inda kika ga launin motar a kan robar gilashi, ko robar ƙofa, ko gefen fitila, ko gindin madubi, ko baƙar robar da ke cikin ramin taya, ko salansa, to bayan ta bar masana'anta aka fesa. Ɗaga bakin robar da farce a hankali, ki leƙa ƙarƙashi. Buɗe murfin tankin mai ki duba ciki. Wannan ita ce shaidar da ta fi sauƙin gani, ita ce kuma ba ta da musu.

Na shida, tsakani. Dubi ratar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, da tsakanin murfin inji da fenda. Kamata ya yi faɗinta ya zama ɗaya daga sama har ƙasa, na dama kuma ya yi daidai da na hagu. Gwada da kan yatsanki ko da biro. In nan ya shiga, can ya ƙi, jikin ya goce. Rufe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Wadda sai an ɗaga ta, ko an buga da ƙarfi, a yi mata alamar tambaya.

Na bakwai, notuna. Sa a buɗe murfin inji. A gefe da gefe za ki ga jerin notunan da ke riƙe da fenda, da waɗanda ke riƙe da murfin kansa. A yawancin motoci da su aka yi fenti, saboda haka launinsu ɗaya da motar. In sifana ta taɓa kama su, za ki ga fentin ya ɓantare a kusurwoyinsu. Ma'ana an taɓa kwance wurin, ko an sake shi. Haska tocila ki dubi manyan ƙarafa biyu da suka miƙe ta dama da hagu na inji. Kada ki ga lanƙwasa, ko tamoji, ko ɗanyen walda, ko baƙin fenti sabo a gefe ɗaya. Sa'an nan a buɗe but, a ɗaga shimfiɗa, a fitar da safaya. Ramin nan ba a cika gyara shi da kyau ba, don an san ba kowa ke leƙawa ba. In an taɓa bugun motar ta baya, nan za ki gani.

Na takwas, mayen ƙarfe. Naɗe shi da tsumma hawa ɗaya don kada ya yi ƙarce. Ɗora shi a rufi ki ji yadda ya ke kamawa, sa'an nan ki bi ƙofofi da kusurwoyi da kewayen taya. Inda ya saki, ko kamunsa ya yi rauni, akwai fila tsakaninsa da ƙarfe. Ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa. Ƙarfe ya kan yi amo, fila kuwa sai ki ji dum, kamar tukunyar da ta tsage. Abu biyu za ki kiyaye. Mayen ƙarfe ba ya kama roba, ba ya kama alminiyam, wasu motocin kuwa murfin injinsu ko ƙofofinsu na alminiyam ne. Saboda haka in ya ƙi kama ƙofa tun daga sama har ƙasa, gwada 'yar'uwarta ta ɗaya gefen kafin ki yanke hukunci. Kuma in mayen ya cika ƙarfi, zai kama har ta cikin fila, ya ruɗe ki.

Akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai wayar hannu girma ba, wadda ke auna kaurin fenti. Wasu makanikai suna da ita. Da maikiron ta ke awo, watau in an raba milimita ɗaya kashi 1,000, kashi ɗaya shi ne maikiron. Fentin masana'anta yawanci tsakanin 80 ne da 180. Inda aka sake fesawa ya kan kai 200 zuwa 400. Inda aka sa fila ya kan wuce 500, har ya kai 1,000 ko fiye. Ba lambar kaɗai za ki duba ba, bambanci za ki duba. In ko'ina 110 ne, ƙofa ɗaya ta ce 350, ƙofar nan tana da labari.

Na tara, tsatsa. A Turai da Kanada da arewacin Amurka, a kan watsa gishiri a hanya da hunturu don ƙanƙara ta narke. Gishirin nan ya kan ci ƙarfe daga ƙasa. Dubi gindin ƙofofi, da bakin ramin taya, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi. In fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, tsatsa ce ke turo shi daga ciki, abin da ke ɓoye kuwa ya fi abin da ki ke gani. In kuma kin ga an shafe ƙarƙashin motar da baƙin kwalta ɗanye, ki tambayi abin da aka rufe.

Na goma, fitila da gilashi. Motar da ta shekara goma, fitilunta kan yi dushi-dushi tare. In ɗaya ta yi rawaya, ɗaya kuwa garau, an sake ɗaya. A kusurwar kowane gilashi akwai tambari. In na ƙofa ɗaya ya saɓa wa sauran, ya taɓa fashewa. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, amma in ya haɗu da sabon fenti a gefe ɗaya, kin san ta inda bugun ya zo.

In An Sake Launin Gaba Ɗaya

Wannan sai an yi hattara ƙwarai. Ɗaga shimfiɗar ƙafa, ki leƙa cikin but da ɗakin inji. In waje fari ne, ciki kore ko rawaya, mai yiwuwa tasi ce ta gama wahala aka yi mata kwalliya, don tasin Abuja kore ne, na Ikko rawaya. Mai yiwuwa kuma ta sata ce. Launin da ke cikin takardun mota lalle ya dace da wanda ke jikinta. A jikin madogarar ƙofar direba, motoci da yawa suna da wata 'yar takarda manne mai lambar launi. A Toyota, misali, 040 fari ne, 202 baƙi.

Yawancin motocin zamani suna da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, tsarin da aka fara a 1981. Tana gindin gilashin gaba ta wajen direba, tana madogarar ƙofa, tana kuma cikin takardu. Karanta duka ukun, harafi-harafi, ki ga sun dace. Motocin Amurka da yawa suna da 'yan ƙananan takardu masu wannan lamba manne a ƙofofi da murfin inji da na but. Inda babu, ko fenti ya hau kanta, an taɓa wurin. In motar daga Amurka ta zo, sa 'yarki ta rubuta lambar a intanet. Sau da yawa hotunan ranar gwanjo kan fito, ki ga motar da idonki yadda ta ke kafin a gyara ta.

Ba Dukan Aibi Ne Ɗaya Ba

Kada ki ce sai kin sami wadda ba ta da tabo ko ɗaya, gama ba za ki samu ba. Raba abin da kika gani kashi uku.

Kashi na farko, tsufa. Ranarmu ta kan ƙone fentin sama, rufi da murfin inji su yi fari-fari suna saɓa. Ga ƙarcen ƙurar hunturu, ga tabon kashin tsuntsu, ga 'yan ɓantare-ɓantaren tsakuwa a gaba. In kin ga ƙarce, bi shi da farce. In farce bai maƙale ba, sama-sama ne, gogewa za ta fid da shi. In ya maƙale, ya yi zurfi, sai an fesa. Duk wannan na neman ragi ne, ba na fasa ciniki ba. Ni ma dai na fi amincewa da tsohuwar motar da ke da 'yan tabonta, bisa ga wadda ta shekara goma sha biyar amma babu ko ɗigo a goshinta.

Kashi na biyu, ƙaramin karo. An sake bamba, ko fenda ɗaya, ko an fesa ƙofa ɗaya, amma ƙarafan ciki lafiya. Ana iya saye, in an rage kuɗi, makanike kuma ya duba ya yarda. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin ƙi shi ne a sayar miki da rariya da sunan ƙwarya.

Kashi na uku, babban karo. Fila a rufi, ko a ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, walda a manyan ƙarafan gaba, ramin safaya a tamushe, ƙofofi ba su zauna daidai ba. Wannan ki bar ta, kome arahanta. Dalili kuwa, an ƙera gaban mota da bayanta don su lanƙwashe su shanye bugu, ɗakin da mutane ke zaune kuwa ya tsaya ƙyam. Sau ɗaya ƙarfe ke yin wannan aiki. In aka gasa shi da wuta aka miƙe, ƙarfinsa ba ya komawa kamar da. Ran da aka sake karo, Allah ya kiyaye, ba ƙarfen ne zai shanye bugun ba, na ciki ne. Har wa yau, motar da ta yi irin wannan karo, sau da yawa jakunkunan iskarta sun riga sun fashe, ba kuwa kullum a ke mayar da sababbi ba. In an murɗa makulli, ki dubi fitilar jakar iska a gaban direba. Kamata ya yi ta kama, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu. In ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, akwai magana.

Yadda Za Ki Yi Magana

Tun a gida ki shirya da maigida, ko wanki, ko wanda zai raka ki. Ki ce, “Maigida, kai da makanike ku ji da inji, ni ka bar mini jikin.” In kin ga wani abu, ja shi gefe ki gaya masa. Kada ki gyara masa magana a gaban mutane.

Kafin ki fara dubawa, gai da mai motar, ki tambaye shi da ladabi, “Malam, ina da ina aka taɓa yi wa fenti?” Rubuta abin da ya ce. Za ki ji wasu suna cewa “fes bodi ce,” watau fentinta na masana'anta ne ba a taɓa ba. In ya ce ƙofa ɗaya, kika tarar ƙofa ɗaya, mutumin kirki ne, ana iya gaskata shi a kan sauran. In ya ce babu, kika tarar da uku, ba sai kin yi gardama ba. Wanda ya ɓoye abin da ido ke gani, ina ga abin da ke cikin inji? Ki yi godiya, ku tafi.

Kada a ba da kafin alƙalami sai an gama dubawa. Kada kuma “akwai wani Alhaji yana zuwa da kuɗi yanzu” ta firgita ki. Motoci ba su ƙare ba. In an daidaita, a rubuta takarda da shaidu, a sa lambar nan mai 17, a rubuta aibin da mai sayarwa ya faɗa da bakinsa. Ran da kuma ku ne masu sayarwa, ku faɗi aibin taku. Abin da ba ki so a yi miki, kada a yi wa 'yar wani da saninki.

Ga 'Yan Makaranta

Ku kuma 'yan mata, ga aikin gida. Ran Asabar ku nemi izini wurin Baba ko Kawu, in an wanke mota ta bushe, ku bi abubuwan nan goma ɗaya bayan ɗaya. Ku zana motar a takarda, ku sa alama duk inda ku ke zaton an taɓa, sa'an nan ku kai masa ya gaya muku ko kun canka. Ban da ƙarce fenti da farce ko makulli. Wadda ta gwada a mota uku ko huɗu, idonta ya buɗe ke nan har abada, wata rana kuwa ita za a riƙa aikowa a ɗauka in za a je ciniki.

To, 'yan'uwa, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kuɗin da aka shekara huɗu ana tarawa, bai kamata a rasa rabin sa'ar da za a duba abin da za a saya da su ba. Ki yanke wannan shafi ki ajiye a ƙarƙashin akwati, ranarsa tana zuwa.

Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.